Ba Mai Wanki Ta Ɓata Rijiyarmu Ba

Duk unguwarmu ta tafi a kan cewa Gwaggo mai wanki ce ta ɓata rijiyar gidanmu, kuma duk unguwarmu ta yi kuskure. Mata sun faɗa a bakin rijiyar, maza sun maimaita a gindin dogon yaro bayan la'asar, har Inna, uwar da ta haife ni, ta yarda, ko kuwa ta yi kamar ta yarda. Wasu tsofaffi sun ce a'a, aljanin kududdufi ne ya rasa gida ya komo cikin rijiya. Wasu sun ce ruwan saman yanzu ne ya fi na da yawa. Ni ba a bakin kowa na ji ba. Ruwan nan da ƙafata na bi shi har inda yake fitowa.

Rijiyar ta kakana ce na wajen uba. Shi ya haƙa ta tun ban zo duniya ba, ya ce sadaka ce, kada a taɓa rufe ƙofar gida ga mai neman ruwa. Gidanmu yana gangare, a ɓangaren Gaya da ke kallon kogi, kuma tun ina ƙarama ban san safiya ba tare da ƙarar guga da surutun mata ba, wannan da Hausa, waccan da Dendanci. Ko da pampo ya shigo unguwa ba su daina zuwa ba. Pampon yana zuwa ne in ya ga dama, tsofaffi kuma suna cewa warin magani yake yi. Ruwan rijiyarmu kuwa in ka zuba a randa ya kwana, ba ka neman ƙanƙara.

Gwaggo ba ƴar'uwarmu ba ce, girma ne ya sa muke kiranta haka. Mutuniyar Karakara ce. Mijinta ya rasu, gonar ta koma hannun ƴan'uwansa, ta taho Gaya da ƙunshin kayanta. Baba ya ba ta hayar ɗakin da ke kusa da katangar baya. Wanki take yi wa direbobi da yaran mota, sana'arta ke nan, ba ta da wata. Tana yi a kan wani faffaɗan dutse a kusurwar gida, can nesa da rijiya, ruwan wankin ya bi ƴar hanyarsa ya fita ta rariya, kafar nan da ke gindin katanga. Shekara da shekaru tana haka, ruwanmu garau, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Abin da mutane suka manta, ko suka ƙi tunawa, shi ne kududdufi. In ka fita gidanmu ka hau lungu ka nufi titin Dosso, da can akwai ƙaton rami a wurin. Daga cikinsa kakanninmu suka ɗebi ƙasar da suka gina unguwar. Duk ruwan da ya gangaro daga tudu a nan yake tsayawa, ya zauna har kaka ta wuce, yana nutsewa cikin ƙasa a hankali. Kwaɗi, sauro, agwagin mutane, kore-koren gansakuka. Ba wanda yake sonsa. Ni ma ban so shi ba.

Sai Kawu ya sayi wurin. Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Alhaji ne mai manyan motoci. Ya aika gida-gida aka ce duk mai shara ya kai kududdufi, an ba da izini. Haka ake cike rami a garinmu. Ba ka wahalar da kanka da sayen ƙasa. Sai ka buɗe wa mutane hanya su zuba shararsu, su cike maka, kai kuma daga baya ka rufe saman da jar ƙasa. Mutane suka yi ta sa masa albarka, wai ya raba su da sauro, ya kuma rage wa yara tafiya zuwa juji. Kowa ya kai nasa. Toka, leda, tsummoki, matattun pil, wato batiran rediyo, kashin awaki, mushen kaza, abin da aka kwaso daga bayan gida ma an kai. Makanikai suna zuwa da baƙin mai a bido, jarkar roba, suna tuttulawa. Ina kolej a lokacin, kuma ni ce mai kai sharar gidanmu kafin in wuce lakol, wato makaranta. Abin da aka sa kowa ke nan.

Da ramin ya cika, kamiyo, manyan motocin kaya, suka yi ta sauke jar ƙasa, aka danne, aka malala siminti. Kawu ya kewaye da katanga, ya mai da wurin makwancin manyan motoci da wajen wanke su, ya haƙa foraj, rijiyar burtsatse mai zurfi, ya ɗora tanki. Da mutane suka ga wuri ya yi kyau, sai filayen da ke samansa suka tashi su ma. Inda muke tsinkar magarya a da ya zama shaguna da ɗakunan ajiye kaya, duk rufin kwano, duk daɓen siminti. Ba ka ganin ƙasa ko tafin hannu.

Damina ta zo, ruwa ya gangaro kamar yadda ya saba, bai tarar da ramin ba. Ya bi lungunmu.

Nan ma muka yi abin da muka iya. Na sama ya zuba jar ƙasa a ƙofarsa ya gina dakali. Na ƙasa da shi ya ga ruwan ya karkato wajensa, ya gina wanda ya fi tsawo. Ba wanda ya je ya yi wa maƙwabcinsa magana, don magana tana jawo faɗa, siminti kuwa ba ya jawo komai sai gaisuwa da “an yi gyara, Allah ya sa albarka”. Kowace damina lungu yana ƙara tashi. Baba direba ne, yana da tsohuwar motarsa yana ɗaukar kaya zuwa Yamai, rabin rayuwarsa a hanya take. Mu buhunan yashi kawai muka jera a bakin zaure, muka ce mun tsira tunda ruwa bai shigo ta ƙofa ba.

A daminar da na bar lise, babbar sakandare, rijiya ta fara ɓaci. Da fari ruwan ya yi ja, muka ce damina ce, a bar shi ya kwanta. Daga nan wata maƙwabciyarmu ta ja guga da safe, ta leƙa, ta kira Inna.

“Uwar gida, zo ki ga. Miya kuka zuba a ciki?”

Maiƙo ne yake yawo a sama, mai launi-launi in rana ta haska shi. Na ɗiba a tafin hannu na kai hanci. Warin gazwal, man manyan motoci, da wani wari a ƙarƙashinsa kamar na ruɓaɓɓen abu. Ba a daɗe ba yara biyu na gidan da ke kallonmu suka kama gudawa, uwarsu ta daina gaishe mu da kyau. Inna ta kira masu yasar rijiya, suka kwashe ruwan tas, suka fitar da laka, aka zuba jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa ya dawo fari. Da aka sake ruwan sama, maiƙon ya dawo shi ma.

Ranar nan Kawu ya zo. Wannan shi ne abu na farko da ya tsaya mini a rai, don Kawu ba ya zuwa gidanmu sai da salla, kuma ko ya zo a zaure yake tsayawa. Ranar kuwa har bakin rijiya, da babbar rigarsa, mata suna tsaye da bokitai ba kowa a ciki.

“Ina kwana, Kawu.”

“Lafiya lau, ƴar lise. An gama karatun ko har yanzu ana neman a fi mu?”

“An gama, Kawu.”

“To madalla. Jawo mana guga mu ga abin da ake ta faɗa.”

Na jawo. Bai taɓa ruwan ba. Ya sunkuya kaɗan, ya ja hanci, ya miƙe.

“Wannan ai warin kayan makanikai ne. Ƙanwata, wa yake wanke kayan makanikai a gidan nan?”

Bai kalli ɗakin Gwaggo ba. Matan da ke tsaye su suka kalla masa, dukansu lokaci ɗaya. Gwaggo tana durƙushe a kan dutsenta, hannunta cikin kumfa, da wandon wani yaron mota baƙi ƙirin a gabanta. Ba ta ɗago ba.

“Kada ki damu,” in ji Kawu ga Inna. “Zan riƙa aiko miki da ruwan foraj. In mai gidan ya dawo sai a rufe ta kawai a huta. Rijiya a tsakiyar gari ai zamaninta ya wuce.”

Na san Kawu. “Zan aiko” ɗinsa ba ya isowa. Ya taɓa cewa zai aiko mini da littattafai ina aji na farko a kolej, har na gama ban gan su ba. Wannan karon kafin azahar baro ya tsaya a ƙofarmu da bido cike da ruwa. Washegari ma haka. Inna tana ta godiya, ni kuwa ina kallon bidon nan ina tambayar kaina me ya yi zafi. Na kuma lura ƴan garuwa da suke cika garwarsu a gidanmu kyauta yanzu layi suke yi a foraj ɗinsa. Ban ce ya shirya hakan ba. Na ce dai na lura.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa. Wadda ba ta taɓa shiga gidanmu ba ma tana da labarin yadda ta ga Gwaggo tana ɗauraye tsumman gareji a cikin guga. Matan da suka sha hura a ɗakinta suka koma wucewa ba sallama. Inna, wadda take kiranta ƴar'uwa, ta tsaya a ƙofar ɗakinta da yamma ta ce:

“Baiwar Allah, ba na son tashin hankali. In watan nan ya mutu ki nemi wani wuri.”

“To, Hajiya,” in ji Gwaggo.

Wani wuri ina? Ta zaga unguwa, ta zaga ta gaba. Duk gidan da yake da ɗaki yana da rijiya ko randa, kuma labari ya riga ta isa. Wata ma ce mata ta yi, “Mu ruwanmu ɗaya ne, ba mu da na canji.” Abin da ya rage mata shi ne ta koma Karakara, ta zauna a ƙofar mutanen da suka karɓe gonar mijinta, ta jira abin da za su miƙo mata.

Daga ranar ta daina wanki a gida. Da asuba ta ɗora ƙunshin kaya a ka ta gangara kogi, sai rana ta karkata ta dawo, ƙafafunta sun kumbura. Dutsenta ya bushe har ƙadangaru suna shan rana a kai. Aka sake yasar rijiya. Aka sake ruwan sama. Maiƙo ya dawo, har ya fi na da.

Ni ce ƴar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, “ke” take cewa. Na same ta tana tankaɗe na ce:

“Inna, dutsen Gwaggo ya bushe, rijiya kuma tana nan yadda take.”

“Wanda ya riga ya shiga ƙasa ne yake fitowa.”

“Da rani ta fi yin wanki, lokacin motoci suna zuwa da ƙura. Da rani ruwan lafiya lau yake. Sai an yi ruwan sama yake ɓaci. Sabulunta jiran hadari yake yi?”

“Ke, ba na son iyayi.”

“Tambaya na yi.”

“To kai ta lise a ba ki amsa.”

Na bar ta. Amma na ƙudurta a raina ruwa na gaba ba zai same ni a ɗaki ba. Abin da muke yi ke nan duka in hadari ya taso: a kwashe shanya, a kora awaki rumfa, a jera bokitai a ƙarƙashin indararo, kowa ya shige ɗaki ya ja ƙofa. In an ɗauke mu fito mu tarar da tsakar gida jiƙe, mu ce ruwan sama ne. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalla.

Hadarin ya zo bayan azahar, daga gabas, da iska a gabansa. Na cire takalmi, na ɗaure zane da kyau, na tsaya a ƙarƙashin rumfar awaki. Da fari ba komai, ruwan indararo ne kawai yake bin hanyarsa zuwa rariya. Can sai na ga ya tsaya, ya fara taruwa a gindin katanga. Sannan ya juyo. Kafar da aka yi don ruwa ya fita, ta nan ruwa yake shigowa, da ƙarfinsa, baƙi, da kumfa da guntayen leda. Lungun da ke bayanmu ya tashi ya fi tsakar gidanmu, mu muna can muna tsare ƙofar gaba da buhunan yashi. Ruwan ya ratsa bayan rumfa, ya wuce dutsen Gwaggo bai ko tsaya ba, ya kewaye gindin rijiya. Simintin bakin rijiyar tun na kakana ne, ya tsage daga ƙasa inda ciyawa ta rufe. Na durƙusa na kara kunne, na ji yana zuba ciki kamar ana tsiyaya shayi.

Inna ta leƙo ta taga.

“Ke, haukacewa kika yi?”

“Fito ki gani.”

“In fito in ga me? Ruwa?”

Ta rufe tagar. Ni kuwa na tsallake buhunan yashi na fita.

A lungu ruwan ya kai mini ƙwauri, yana tura ni baya. Na dafa katangu na yi ta hawa. Sai a ranar na ga dakalan nan da kyau. Kowane gida ya turo nasa cikin hanya, ruwa ya bugi wannan ya koma wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba, kamar masu sauke bulo daga mota. Gidanmu ne na ƙarshe kafin fadama, mu ne masu karɓa. Ruwan da ke fitowa daga ƙananan lunguna ja ne, irin na ƙasa. Baƙin kuwa zare ɗaya ne a tsakiya, ban rabu da shi ba.

Ya kai ni katangar Kawu. Daga gindinta an huda kafa mai faɗi, an ma shafe bakinta da siminti, tana kallon lungunmu. Duk ruwan da ya sauka a kan rufin shagunan sama da daɓen makwancin motoci nan yake taruwa ya fito. Na leƙa ta ƙofa na ga ramin da yara suke juye baƙin mai a ciki ya cika ya tumbatsa, yana bin ruwan. A wajen katanga kuma ruwa ya ci jar ƙasar da aka rufe kududdufi da ita, tsohuwar shara ta fito fili, leda da tsumma da ƙasusuwa, wani baƙin ruwa mai kauri yana tsatsowa daga cikinta. Warin da na ji a ƙarƙashin na gazwal ke nan. Na tsinci wata kwalbar roba na cika ta a bakin kafar.

Kawu yana cikin rumfa da yaransa, ana dafa shayi. Ya gan ni jiƙe sharkaf, da kwalba a hannu.

“Lafiya? Me ya fito da ke cikin ruwan nan?”

“Baƙo na rako, Kawu. Ya shigo gidanmu ba sallama, na ce bari in bi shi in ga gidansu.”

Yaran suka yi dariya. Kawu bai yi ba, su ma sai suka daina.

“Ruwan Allah ne. Ni na ce masa ya gangara?”

“Fari ya sauko. Baƙin a nan ya samo shi.”

“Sharar da ke ƙarƙashin nan wa ya zuba? Ni? Ku kuka zuba, kuna yi mini godiya. Ke kanki na sha ganinki da kwando a ka. In shari'a za a yi, da gidanku za a fara.”

Gaskiya ya faɗa a nan, ban musa ba.

“Kafar da ke jikin katanga fa, ita ma mu muka huda?”

Ya kurɓi shayinsa.

“Ƴar lise, je ki gida kada sanyi ya kama ki. Kuma ki riƙa tunawa da inda motar ubanki take kwana.”

Ina tafe ina juya abin. In ka gaya wa mutum katangarsa tana zubar da baƙin mai a rijiyar ƙanwarsa, in bai sani ba zai tashi ya duba, ko da don ya ƙaryata ka ne. Kawu bai tashi ba. Bai ko juya kansa wajen kafar ba, kamar yadda bai juya wajen ɗakin Gwaggo ba a ranar nan.

Da na iso gida an ɗauke ruwa. Na ja guga na cika wata kwalbar daga rijiya. Gwaggo ta dawo daga kogi, ruwa ya dake ta a hanya, tana zaune a ɗaki tana matse zane. Ta riga ta ɗaure tukwanenta a buhu, ta jingina tabarma a bango. Na miƙa mata kwalbar farko.

“Shinshina, Gwaggo.”

Ta kai hanci, ta miƙo mini.

“Na san shi, ɗiyata. Kullum hannuna a cikinsa yake.”

“Daga katangar Kawu na ɗebo. Ta rariya yake shigo mana.”

“Uhm.”

“Kin sani?”

“Ɗakina ne kusa da katanga. Ina jin shigowarsa.”

Raina ya ɓaci har na ji kamar in jefar da kwalbar.

“Kina ji, kika yi shiru ana zaginki a unguwa?”

“Kayan da nake wankewa na yaran wa ne?” Ta ci gaba da matse zanenta. “In na buɗe baki ya hana su kawo mini wanki, ko an bar mini ɗakin me zan ci a ciki? Ke ma ki bari. Kawunki ne.”

“Ba zan bari ba.”

“Haka uwarki ta ce, wai tun kina goye ba kya barin abu.”

Na wuce wajen Inna. Tana kicin tana hura wuta, itacen ya jiƙe, hayaƙi ya cika wurin. Na ajiye kwalaben biyu a gabanta na ce wannan daga ina, wannan daga ina. Na gaya mata rariya, da tsagar gindin rijiya, da kafar katangar Kawu. Na zaci za ta ce ƙarya nake. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta ɗauki ɗayar, ta ajiye su gefe guda a hankali, ta koma hura wutarta.

“Yayana ne,” ta ce.

“Na sani.”

“Nono ɗaya muka sha.”

“Gwaggo fa?”

“Haya take.”

“Inna, ba ita ba ce. Kin ji da hancinki.”

Ta ɗago, idanunta sun yi ja, ban sani ba ko hayaƙin ne.

“Matan unguwa suna son su ga an yi wani abu. Ƴaƴansu sun yi ciwo a ruwan gidana. Kin taɓa ganin an tashi katangar siminti da motoci a ciki saboda rijiya? Ita ce ake iya tasa.”

“In ta tafi ruwan zai gyaru?”

“In ta tafi za a rufe rijiyar, magana ta mutu.”

“Rijiyar ba ta Kawu ba ce da zai ce a rufe. Gidan ma ba nasa ba ne.”

“Ke, ya isa. Ubanki ya bugo waya, ya taso daga Yamai, gobe zai iso. Kawunki ya ce shi zai yi masa bayani, maganar maza ce.”

Nan na gane sauran. Baba in ya shigo gari ba gida yake fara zuwa ba. Wajen Kawu yake kai motar ya ajiye, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo shayi da nama, su yi hira har gajiya ta sake shi. Kuma na san Baba. Mutumin kirki ne, amma labarin da ya fara shiga kunnensa shi yake zama, na biyu sai dai ya tsaya a waje. In Kawu ya riga ni, Baba zai iso gida da magana a gama: matar nan ta tafi, a kawo magina su rufe rijiyar ubansa, a ci gaba da karɓar bido ana godiya. Watan kuma saura kaɗan ya mutu.

Na ɗauki kwalabena na kai ɗakinmu na tura ƙarƙashin gado. Na koma ɗakin Gwaggo na kwance buhun tukwanen na mayar da su inda suke, tana cewa in bari, ina yi kamar ban ji ba. Rariya kuwa na ƙi toshe ta, ko da yake hannuna yana ƙaiƙayi. In na toshe, shaidar ta tafi, ruwan kuma ya nemi gidan wani.

Abin da na yanke shi ne, da safe in hau kabu-kabu in fita bayan gari, can kan titin Dosso inda manyan motoci suke tsayawa a shinge kafin su shigo. In zauna wajen masu sayar da rake da kwalabena biyu a leda, ko yini zan yi, har in hango tsohuwar motar Baba. In hau gaba kusa da shi kafin ya ga fuskar kowa. Ba zan ce masa Kawu ya yi kaza ba, don zai ce ba ni da kunya. Zan ba shi kwalba ya shinshina, shi da ya fi kowa sanin warin gazwal. In ya ajiye mota, kafin a shimfiɗa tabarma, zan ce ya zo mu taka zuwa gida ta lungu, daga kafar katangar Kawu har rariyarmu. Baƙin layin da ruwan ya bari yana nan a jikin katangun mutane, ba wanda ya wanke. In ya gama gani, shi da bakinsa ya faɗa wa ya kamata ya tashi daga ɗaki.